Dutsen Garinmu da Injin Bakanike

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san a shimfiɗe take kamar faifai. Daga Kura har Bunkure, in ka cire kukoki da turakun wuta, babu abin da ya ɗaga kai ya fi ɗan'uwansa. Shinkafa ce da tumatir da albasa, sai kanal-kanal da ke ratsa gonaki ɗauke da ruwan dam. A tsakiyar wannan shimfiɗa Allah ya ajiye wani ƙullutu, a kan ƙullutun kuma ya ajiye garinmu.

Mu Dutse muke ce masa. Maƙwabtanmu na ƙasa tudu suke cewa, in kuma an yi faɗa a kasuwa su ce suri. Gaskiyar tsayinsa ita ce, in mutum ya tsaya a gindinsa ya yi sallama, na sama zai amsa ba sai ya ɗaga murya ba. Amma ni a can aka binne cibiyata, kuma har gobe ban ga wurin da ya kama ƙafarsa a kyau ba. Da la'asar sakaliya nakan ɗauki littafin soyayyar da na aro, in zauna a kan falalen dutsen da ke bayan masallaci. Rana tana gangarawa wajen Kadawa, ruwan kanal ya koma kamar an narka zinare an zuba, balbelu suna komawa makwanci, hayaƙin masu turara shinkafa yana tashi a hankali. A littattafan da nake karantawa masoya ba sa haɗuwa sai a wuri mai tsayi da iska, don haka na ɗauka an riga an rage mini rabin aiki. Matsalar falalen ɗaya ce. In tumatir ya yi yawa kasuwa ta ƙi shi, gari kaf a nan ake shanya kauɗa, sai in raɓa a gefe, ni da ƙudaje, mu kalli faɗuwar rana tare.

Tarihin garin a bakin kakana na wajen uba yake. Shi ne mafi tsufa a gari, kuma ba a ɗaura aure a gidanmu sai ya gyaɗa kai. A faɗarsa, wani maharbi ne ya kafa garin. Mahara suka biyo shi a kan dawakai, ya haye Dutse, su kuwa suka ɗaga kai suka ga ba za su iya ba, suka juya. Akwai wani ɗan rami a jikin falalen da Kaka ke nuna wa baƙi ya ce sawun ƙafar maharbin ne. Innata ta taɓa raɗa mini cewa tun tana amarya ta ga tsofaffi suna dakan barkono a cikinsa. Akwai kuma guntun ganuwa ta gabas, wadda awaki ke tsallakewa ba tare da sun daina tuƙa ba. Sai wata kuka mai kogo da ake cewa maharbin ya kwana a ciki, yanzu kaji ke ƙwai a wurin.

Babban abin alfaharin Kaka shi ne kanal. Yana saurayi aka zo haƙa shi da manyan motoci. Da aikin ya iso kusa da mu sai ya lanƙwasa, ya zagaye garin ya wuce. Kaka ya ce da idonsa ya ga babban injiniyan ya cire hularsa, ya dubi Dutse, ya girgiza kai. Shi ya sa duk garuruwan ƙasa ruwa ke wucewa ta bayan katangarsu, mu kuwa rijiya ɗaya gare mu, mai zurfin da kafin guga ya fito kin gama jin labarin gidan kowa. Ruwan wanki da na dabbobi daga kanal mata da 'yanmata ke ɗauko shi a ka. Maza suna alfahari da tsayin gari, mata suna jin sa a wuya.

To, a tsakiyar hanyar hawa akwai wata tsamiya, a gindinta da wani gungume da zama ya sa ya yi sulɓi. Daga majalisar dattawa da ke ƙofar masallaci ana hango ta sarai. Al'adar garinmu ita ce, duk baƙon da zai shigo, a ƙafa yake ko a kan abin hawa, sai ya tsaya a nan ya zauna ya huta. Ba doka ba ce da aka rubuta, babu kuma mai faɗa maka. Ana dai kallo. In ya iso sama, bayan an gaisa, za a tambaye shi, "Ya hawa?" Amsar da ake so ita ce, "Wash, hawa sai ku." Shi ke nan ya zama ɗan gari, a kawo masa ruwa a kwanon sha mai murfi. Wata 'yar Filato da ke aiki a ɗakin shan maganinmu, wadda ta tashi a cikin duwatsun da gajimare ke sauka a kansu, kullum da safe sai ta zauna a kan gungumen nan tana fifita da mayafi tana cewa, "Kai, mutanen Dutse, kuna ƙoƙari." Babu matar da dattawanmu ke ganin hankalinta kamar ita.

Ban haɗu da wanda zuciyata ta zaɓa a kan falale ba. A ƙasa na haɗu da shi, a cikin taɓo. Na kai wa Baba abinci gonarmu ta bakin kanal, na tarar injin ban ruwa ya tsaya, an kira wani bakanike daga Kura. Yana durƙushe, rigarsa duk baƙin mai, ya yi wa injin fata-fata a kan buhu. Da ya ɗago kai, wallahi sai na ji iskar gonar ta canja. Idanunsa farare ne tas, masu nutsuwa, irin waɗanda na sha karantawa ban taɓa gani ba. Na tsaya da kwano a hannu ina jiran kalmar farko da zan riƙe har tsufana.

Ya miƙo mini wani ƙaramin ƙarfe ya ce, "Malama, riƙe min filogin nan, kada ƙasa ta shiga."

Na riƙe shi kamar zobe. Daga ranar injin Baba ya shiga yawan lalacewa, ko kuma ni ce na shiga yawan jin ƙararsa ta canja. Ba a daɗe ba Bakanike ya nemi izinin zuwa zance, Baba ya ba shi, don mutum ne mai sana'a da sallah a kan lokaci.

Na manta ban gaya masa zancen tsamiya ba. Wanda aka haifa a cikin abu ba ya tuna cewa wasu ba su san shi ba.

Ya zo ranar wata Juma'a bayan la'asar, majalisa ta cika. Ina leƙe ta kafar zaure, na sha ado. Na ga babur ɗinsa ya baro gindin Dutse, ya nufo tsamiya, ya wuce ta fuu ko waiwaye babu, ko giya bai sake ba. Ya tsaya a gaban dattawa, ya sauka, ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai kyau. 

Kaka ya gyara zama ya ce, "Samari, ya hawa?"

Bakanike ya waiga baya, ya dubi hanyar da ya biyo, ya dawo da kansa. "Wane hawa, Baba?"

Wani tsoho ya yi salati.

"Af," in ji Bakanike, da zuciya ɗaya, "ai dama ina so in tambaya. An ce mini garin a kan dutse yake. Ta ina ake zuwa dutsen?"

Ranar ba a kawo kwano mai murfi ba. Da magariba Kaka ya shigo gida yana dogara sanda da ƙarfi kamar ƙasa ta yi masa laifi. Tun ina ƙarama amaryarsa yake kira na, irin wasan kaka da jika, amma ranar babu wasa a muryarsa.

"Amarya, wancan mai baƙin man, ki ce masa ya nemi 'yar fili. Ba zan ba da jinina ga wanda ya taka mu kamar kwalta ba."

"Kaka, bai sani ba ne."

"Makaho ne? Mahara a kan dawakai sun gani, injiniya mai hula ya gani, sai shi?"

Baba ya sunkuyar da kai, don bai taɓa tsallake maganar mahaifinsa ba. Ni kuwa na shige ɗaki na faɗa kan katifa, na bar hawaye suka yi ta zuba a matashi, na ƙudura ba ci ba sha har sai an tausaya mini. Inna ta leƙo ta ce in na gama mutuwar in zo ga tsakin masara yana jira na. Na ci tuwo a daren, amma ba da daɗin rai ba.

Washegari na sami Bakanike a gona na yi masa bayanin komai. Na ce ya dawo, ya tsaya a tsamiya, ya zauna, ya ɗan yi haki, in an tambaye shi ya ce wash.

Ya ce, "In yi haki ban gaji ba?"

"Don ni fa."

"Zama dai zan zauna, wannan girmamawa ce. Amma in dubi tsoho kamar wannan in yi masa ƙarya, gaskiya da nauyi."

A zuciyata na ƙara son sa, a fili kuma na ji kamar in kwaɗa masa murfin kwano.

Ya dawo, ya tsaya a tsamiya, ya zauna a kan gungume ƙiƙam kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Dattawa suka fara kallon juna, fuskar Kaka ta ɗan saki. Da ya iso aka gaisa, Kaka ya ce, "To, yau ya hawa?"

Na ga bakinsa yana motsi. Na rufe ido ina addu'a. Sai na ji ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba. Amma na ga mata suna ta hawa da bokitai a ka, abin ya dame ni. Wannan ai ƙaramin aiki ne. In kun yarda, in kafa inji a bakin kanal, in jona tiyo, in kawo muku ruwa har ƙofar masallacin nan."

Shi a ganinsa ya kawo abin da zai wanke laifinsa. Bai san ya ƙara wa wuta fetur ba.

Kaka ya ce, "Ruwa? Ya hau nan? Da wannan ɗan injin naku mai tari?"

"In Allah ya yarda, Baba. Ai wurin ba wani…"

"Ba wani me?"

Bakanike ya haɗiye sauran.

Kaka ya buga sanda a ƙasa. "Na yarda. Ka zo ka gwada, kowa ya shaida. In ruwa ya iso nan, to kai ke da gaskiya, a fili muke zaune, ni kuma maƙaryaci ne tun kakannina. Ka ga kuwa bai dace mai gaskiya ya haɗa zuri'a da maƙaryata ba."

Bakanike bai fahimci ƙarshen maganar ba. Ya tafi yana murna an ba shi dama. Na bi shi har gindin tsamiya ina roƙo. Na ce ya bari, ko ya zo da injin da ya san ba shi da ƙarfi. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata. "Kina so a ce a Kura na kafa inji ruwa bai fito ba? Ki kwantar da hankalinki. In tsohon nan ya yi alwala da ruwan da na kawo, da kansa zai kira ni." Bai san Kaka ba. Kaka zai gwammace ya yi taimama.

Labari ya zaga gari, gari ya rabu biyu. Maza suna bayan Dutse. Mata kaf suna bayan Bakanike, har Inna, wadda ta ce in ruwa ya hau ita za ta fara guɗa, zancen aurena kuma a duba shi daga baya. Ni kaɗai ce ba ni da ɓangare. In ruwa ya hau na rasa shi. In bai hau ba ya kunyata a gaban gari, kuma wuyan Innata ya ci gaba da ciwo. Na yi ta juyi ban san abin da zan roƙa ba, daga ƙarshe na ce Allah ya zaɓa.

Bakanike ya zo da hantsi, ranar da babu kasuwa. Ya aro tiyo daga gonaki iri-iri, wani shuɗi, wani baƙi, wani duk faci, ya jojjona su ya ɗaure gaɓoɓin da robar tayar keke. Aka shimfiɗa shi daga kanal, ya bi gefen hanya, ya ratsa ta karyayyen wurin ganuwa, bakinsa ya kwanta a gaban majalisa kamar macijin da ya zo gaisuwa. Mata suka yi layi da bokitai da jarkoki. Dattawa suka zauna a kan tabarmi, Kaka a gaba, ya sa babbar rigarsa ta Idi. Mutanen ƙasa ma sun zo kallo, suna dariya tun ba a fara ba.

Ya ja igiyar inji, inji ya ɗauka. Muka ga tiyo ya fara kumbura daga ƙasa, kumburin yana tahowa a hankali. Mata suka fara shewa. Kaka ya kama gemunsa. Ni kuwa na jingina da katanga ina kallo.

Sai wata gaɓa ta ɓalle, ruwa ya yi tsiri sama ya jiƙa wani mai sayar da rake. Bakanike ya hau da gudu ya ɗaure, ya sauka da gudu ya ƙara wa inji wuta. Kumburi ya ci gaba. Wata gaɓar ta sama ta fashe. Ya hau, ya ɗaure, ya sauka. Inji ya shaƙe, ya sauka ya hura, ya hau ya duba. Rana ta take, ƙasar hanya ta zama taɓo mai santsi, ya zame ya tashi, takalminsa ɗaya ya maƙale ya bar shi a nan. Ban san sau nawa ya hau ya sauka ba. Na dai san duk shekarun da na yi a garin ban taɓa ganin wanda ya hau Dutse a yini ɗaya kamar yadda ya hau shi ba.

Ruwa ya iso ganuwa. Muna ganin tiyo yana numfashi a wurin, ya kumbura ya saki, ya kumbura ya saki. Inna ta sa hannu a hanci tana shirin guɗa. Bakin tiyon da ke gaban Kaka ya yi wani gurnani, ya fesar da iska mai ɗumi, ya tofar da wani ɗan ƙwaro da ya kwana a ciki. Daga ƙasa muka ji inji ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru. Kumburin ya koma da baya har kanal.

Bakanike ya hawo a hankali, ƙafa ɗaya ba takalmi, jikinsa sharkaf da gumi da taɓo. Bai ma iya durƙuso ba, zubewa ya yi a gaban tabarma, ƙirjinsa yana sama da ƙasa. Da ƙyar magana ta fito.

"Baba… wurin nan naku… ya fi ƙarfin injin nan. Wallahi ido ba ya ganin tsayinsa. Sai ka sa masa ruwa."

Kaka ya sa hannu a bayan kunne. "Me ka ce? Kunnen ya tsufa."

Kunnen Kaka yana jin buɗe tukunyar nama daga zaure.

Bakanike ya maimaita da ƙarfi. Kaka ya ce har yanzu bai ji sosai ba, ya juya wajen mutanen ƙasa ya faɗa, ko iska za ta kawo. Bakanike ya juya ya faɗa. Dattawa suka ɗauki kabbara. Wani tsoho har da share hawaye. Aka yi ta yi wa juna barka, kamar ba yanzu aka tabbatar musu cewa ba za su samu ruwa ba.

Kaka ya ce, "A kawo wa yaron nan fura. Mai sanyi. Kun ga mai gaskiya ko? Injiniya ma girgiza kai kawai ya yi, wannan kuwa da bakinsa ya faɗa." Ya dafa kafaɗarsa mai taɓo da hannun rigar Idi. "Ka turo manyanka. Na sakar maka amaryar tawa, dama ba ta iya dama kunu ba."

Mata suka kwashi bokitansu fayau suka nufi kanal suna mita. Inna ta wuce ta gabana ta ce, "To, ke kin samu miji, mu mun samu ciwon wuya. Ɗauko tulu." Na ɗauko. Ban taɓa jin tulu ba shi da nauyi ba sai ranar.

Bayan la'asar, da ya yi wanka a gidan liman aka ara masa riga, aka ba mu izinin zance a zaure. Hasken yamma ya shigo ta ƙofa ya sauka a gefen fuskarsa. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi. Mutumin da ya yini yana faɗuwa a taɓo saboda ni, na san yau dai zan ji kalmar da nake jira. Ya yi ajiyar zuciya, ya matso kaɗan.

"Kin san wani abu?"

Na ce, "Sai ka faɗa."

"Tiyon ne. Gaɓoɓin sun yi yawa, ƙarfin duk a hanya yake zubewa. Da zan samu sabo guda ɗaya dogo, da injin maigidana babba, wallahi ruwan nan sai ya…"

Na ji tarin Kaka a bayan katanga. Na tura masa kwanon fura da sauri har ta fantsama a rigar liman.

Na ce, "Malam, sha. Don girman Allah sha, ka bar zancen nan sai an ɗaura."